Uwar da Inna Fatu Ta Ɗauko Daga Azare

Inna Fatu ba ta zama a tabarma yanzu, sai a kan turmin da aka kifa, domin in ta kai ƙasa tashi aiki ne. Gidanta na kallon shagon ɗinkina a Katagum. In rana ta take takan ƙetaro inuwar rumfata, ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa, tana magana ina taka keke. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi.

Ungozomanci gado ta yi wajen goggonta. Ta yanke cibin rabin unguwarmu. Ta daina karɓar haihuwa a gida ne tun ranar da wata mata ta zubar da jini a hannunta har rai ya yi halinsa. Ba ta son wannan labarin, ni ma ban taɓa matsa mata ba. Daga nan ta koma rakiya. Ita da wasu mata kaɗan suke bin gida gida suna lallashin masu ciki su je awo, in naƙuda ta zo su raka su asibiti, su riƙe musu hannu, su shafa musu baya. Ba wanda yake biyansu. Wani gidan a ba su goro, wani gidan ko sannu babu.

Haihuwar da ta fi ƙarfin asibitin gari Azare ake tura ta, can kuwa Inna Fatu baƙuwa ce. Ba ta san ƙofar da ake bugawa ba. Sai Allah ya haɗa su da wata ƙungiyar mata ta Azare masu fafutuka a kan lafiyar masu haihuwa, wadda Madam Cynthia take shugabanta. Tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce, 'yar Bogoro, ta yi ritaya ta ƙi komawa gida. Su ne suke zama da manyan asibiti, su nemo masu ba da jini, su samo mota. Aiki ya rabu da kansa: Madam ta san ofisoshi, Inna Fatu ta san zauruka. Maman Kevin Inna Fatu take kiran Madam, da sunan ɗanta na fari, sai dai a bakinta ya koma Maman Kebin.

Bana da bazara aka yi wa Khaulat, matar Naziru, hoton ciki aka ce ɗan a gicciye yake, sai an yi mata aiki a Azare. Naziru ya yarda. Mahaifinsa, Malam Sha'aban, tsohon masunci, ya ce ba za ta je ba.

Dalilinsa mabiyiya ce, abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, wanda tsofaffinmu suke kira uwa. A nan ungozoma ce take wanke ta, a binne ta a bayan ɗaki. An taɓa yi wa wata maƙwabciyarsa aiki a can, aka dawo da mai jego da jariri, uwa kuwa ba wanda ya san inda ta shiga. Tun daga lokacin gidaje da yawa a unguwar suka ja baya.

Taubasai ne shi da Inna Fatu, don haka ta same shi a zaure ba ta ko jira ya gama amsa sallama ba.

"Malam, yarinyar mutane za ka kashe saboda taurin kai irin na masu kama tarwaɗa?"

"Ke da kika tsufa a hanyar Azare, me kika tsinto a can ban da ciwon gwiwa? Ni jikana ba za a bar uwarsa a bola a wani gari ba. Yaron da aka yi wa haka ba ya zama gida."

"Naziru a bayan ɗakin can na binne tasa, ga shi kullum yana Kano."

"Yana dawowa ai."

Ta ga gardama ba za ta kai su ko'ina ba, sai ta kira Madam Cynthia, ta buɗe muryar wayar ta ajiye tsakaninsu.

"Maman Kebin, ga Malam nan. Ya ce zai bari, amma sai an yi masa alkawari za a dawo masa da uwa."

"Malam, ina yini," in ji Madam. "Ai uwa kam dole ta dawo. Da hannuna zan sa ta a mota, in Allah ya yarda."

Malam ya dubi Inna Fatu. "Ita ban san ta ba. Ke na sani. In ba ta dawo ba, kada ki ƙara taka zauren nan da maganar asibiti, kuma duk unguwa za ta ji."

Aka kai Khaulat Azare, aka shiga da ita da hantsi. Inna Fatu ta tsaya a baranda ta jingina da bango, don benci ya cika. Sai bayan azahar aka fito da jariri namiji. Madam Cynthia ta iso daga wani taro tana fifita da gefen gyale.

"Barka, Inna. An gode Allah."

"Barkanmu dai. Ina uwar?"

"Tana ciki, ta fara farfaɗowa. Har ta nemi ruwa."

Inna Fatu ta ce, "Uwa ce ta nemi ruwa? Maman Kebin, ba Khaulat nake tambaya ba. Mabiyiya."

Madam ta dafe kai. Da Hausa ta tashi, ta san mabiyiya, ta san mahaifa, amma ba ta taɓa jin an ce mata uwa ba. Abin da ta yi alkawari a waya shi ne dawo da Khaulat da rai. Ba ta gaya wa kowa a ɗakin aikin ya ajiye komai ba. Inna Fatu ma ba ta gaya wa kowa ba, don ta ɗauka an gama magana.

Ba su tsaya neman mai laifi ba. Madam ta nufi ofishin shugabar masu jinya, Inna Fatu ta bi bayan ginin tana jan ƙafa, tana tambayar duk mai tsintsiya da ta gani. Ta sami mai kwasar sharar ɗakin aikin ya tura baro ya kusa wurin ƙonawa. Ya ce ba shi da ikon buɗe komai. Ta riƙe hannun baron ta tsaya a rana, ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma sake ba, har Madam ta iso da wata mai jinya. An yi sa'a aikin Khaulat kaɗai aka yi da safen, babu mabiyiyar wata da za ta rikita su.

A ƙaramin bokiti mai murfi Inna Fatu ta ɗauko ta. Ta bar Khaulat a hannun matan ƙungiyar, ta shiga motar haya da bokitin a cinya, ana ta matsa mata gwiwa da buhunan wasu. Ta iso Katagum rana ta yi ja. Naziru ya riga ya kira ƙaninsa ya haƙa rami. Ta wanke ta, ta durƙusa ta binne, sai da mata biyu suka kama ta kafin ta miƙe.

Malam Sha'aban yana zaure da ta fito.

"An yi?"

"An yi."

"To. Matar maƙwabcina Bahauddeen ma an ce nata cikin sai Azare. Na ce masa ya bari, tunda ke za ki je."

Bayan wannan Madam Cynthia ta zauna da manyan asibitin, aka yarda duk wadda aka kawo daga ƙauye mai rakiyarta ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki da bokiti. Gidajen da suka ja baya suka sake buɗe ƙofa. Sai dai kowane maigida sharaɗinsa ɗaya, Inna Fatu ce za ta tsaya. Ta kai musu Asma'u, wadda take koya wa aikin, suka ce yarinya ce, tukuna.

Na tambaye ta ko ta gaya wa Madam halin da gwiwarta take ciki. Ta ce Madam ɗin ma da maganin hawan jini a jaka take yawo, wa zai kai wa wa ƙara.

Shekaranjiya ta kawo min wani tsohon zane ta ce in ɗinka mata shi kamar matashi, mai kauri, da igiya a gefe biyu, yadda za ta ɗaura a gwiwa in za ta durƙusa. Na ce zan gama ranar Juma'a. Ta ce in daure in gama Laraba, matar Bahauddeen Alhamis aka ba ta a Azare.