Tsohon Sil a Sabuwar Leda

Akwai wani baƙo da ya kama ɗaki a lungunmu na Maamobi, ko sunansa ban sani ba. Dogo ne siriri, da furfura a gemu. Tun hantsi yana kwance ƙarƙashin tsohuwar tasinsa, ƙafafu kaɗai ake gani, silifas ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ina jin tasin nan ce abincin gidansa.

Jiya ya sa sabon sil, zoben robar nan da ke hana baƙin mai zuba. Yau kwalin da ya shimfiɗa a ƙasa ya jiƙe sharkaf. Ga shi ya fito da robar a hannu, yana juya ta a rana, yana ƙwafa.

"Ya ci amanata," in ji shi.

To, mu a Zongo mace da namiji duk "ya" ne. Sai na ce, "Masta, wa? Motar ko madam?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo min robar, ya sa farce a wani ɗan tsagi. "Ni na yi wannan da sukudireba ranar da na ciro shi. Na ba ƙanena ya kai kasuwar kayan mota ta Abossey Okai samfur, don ya sayo irinsa. Ya wanke, ya sa a leda, ya ce min sabo ne."

Wayarsa tana ƙara a kan bonet. Ya leƙa sunan, ya ce ƙanen ne, ya kife ta, ya koma ƙarƙashin mota.