Baffa Ilu da Yaƙin Fura da Nono

Duk wanda ya san Baffa Ilu na Kara ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa kai tsaye. Sai ya juya shi, ya leƙa gindinsa, ya nemi mai boko ya karanta masa ƙasar da aka ƙera shi. Ashana ce, kofin silba ne, batir ne, sai ya ji asalinsu. In aka ce masa daga Jamus yake, sai ya ce to su kuma me suka saya a wurinmu? Ni 'yar ƙaninsa ce, a gidansa na tashi har aka kai ni ɗakin miji, saboda haka na sha wannan karatu har na ƙoshi.

Bawan Allahn nan bai taɓa wuce birnin Kano ba, amma labaran duniya na rediyo ba sa wuce shi. Mutane na kasa kunne su ji yaƙi da juyin mulki, shi kuwa kuɗin fito ne abin marmarinsa: wace ƙasa ta ƙara wa kayan wata haraji, wace ce ta rama. Kowace ƙasa ya ba ta hali. Amurka, in ji shi, dillalin shanu ce mai ƙatuwar murya, ta buga sanda a ƙasa ta ce ta fasa ciniki, tana tafiya tana waiwaye. Japan kuwa sai ta durƙusa tana "to, to," kafin ka ankara motarta na ƙofar gidanka. Faransa ya ce tsohuwa ce mai rowa, manomanta kaɗai ta sani.

A shekarun tsuke bakin aljihu aka hana shigo da alkama, burodi ya yi wuya. Kowa na kuka, Baffa na murna, wai yanzu muka zama ƙasa. Ya shuka alkama a 'yar fadamarsa, ya samu abin da ya samu, ya ce wa matarsa Inna Hauwa lallai a yi burodin gida. Ta ce finkaso da alkaki ta iya, ya ce burodi. Ta kwaɓa ta gasa a tanda, abu ya fito baƙi ƙirin, da tauri kamar marfin tulu. Mu yara muka taɓa muka ajiye. Shi ya jiƙa nasa a shayi, ya yi ta fama, jijiyar wuya a tashe. Da Inna ta tambaye shi ya ya ji, sai ya ce, "Masana'anta ce jaririya, Hauwa, sai an kare ta kafin ta yi ƙwari. Japan ma da haka ta fara." Washegari da kunu ya karya, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Babban abin da aka fi tunawa shi ne rigimarsa da Malam Buba, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Kakannin Buba makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, yana da 'yan shanunsa. Tun suna samari suke da tsari: bayan girbi shanun Buba su kwana a gonar Baffa, su ci kara su bar taki. Inna Hauwa ta kirɓa fura ta aika, Gwaggo Dije matar Buba ta aiko da nono. Wata shekara wani mai gona a wajen Gammo ya yi wa Buba tayin kara har da dusa a kai, Buba ya kora shanunsa can bai ko yi sallama ba.

Abin ya yi wa Baffa ciwo ƙwarai, domin takin zamani ya fi ƙarfinsa a lokacin, da wancan takin gonar ke rayuwa. Amma bai ɗaga murya ba. Ya tara mu a tsakar gida ya ce an karya yarjejeniya, ya ƙaƙaba takunkumi, ko dunƙulen fura ɗaya kada ya tsallaka katangar nan. Da Buba ya ji, shi ma ya hana nono. Aka wayi gari mu muna dama fura da ruwa da tsamiya, su suna kurɓar nono tsura. A masallaci su gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa.

Matan ne suka gaji. Akwai wata kafa ta bayan turken awaki, ta nan ƙwarya ke shiga ta fito da hantsi, lokacin da maza ke waje. Baffa ya dawo ya tarar da fura fara sol da kindirmo, ya shanye tas. Ya daɗe yana shan kayan fasa-ƙwauri kafin Yaya Sabo, babban ɗansa, ya tsokane shi ya ce Baba, wannan nonon daga wace ƙasa? Baffa ya lashe ludayi ya ce, "Babu gwamnatin da ta iya tsare iyakarta duka."

Damina ta zo, dawar Baffa ta yi rawaya, ta ƙi tsawo. Buba kuma aka cuce shi a dusar Gammo, rabinta ƙaiƙayi. Liman ya zaunar da su a zaurenmu. Buba, mutum mai kunya, ya ce ya yi kuskure, a yafe. Mu da ke laɓe muka ce shi ke nan. Ina! Baffa ya ce sulhun manyan ƙasashe ba ya ƙarewa a zama ɗaya, sai an yi zagaye na biyu. Liman ya tambaye shi sauran me. Ya rasa sharaɗin da zai kawo, can ya ce to a zagaye na biyun Buba ya zo da man shanu, shi zai yanka zakara. Haka kuwa aka yi, shanu suka dawo gona, ba su sake barinta ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, wani malami ya zo kasuwar Gwarzo yana wa'azi kan tauye mudu. Baffa ya ɗaga hannu ya nemi a faɗa masa hukuncin ƙasar da ke tilasta wa wasu su buɗe kasuwarsu, ita kuma ta rufe tata. Malamin ya yi murmushi ya ce shi maganar mudu ya zo yi. Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ita nake yi. Su ma mudu biyu gare su, na saye daban, na sayarwa daban." Malam ya ce to Allah ya shirye su, 'yan kasuwa suka ce amin da ƙarfi.

Ranar da Baffa ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, wata tsohuwa daga Dugabau da ban sani ba ta zauna kusa da ni tana share hawaye. Ta ce a shekarun wahalar nan, bayan mijinta ya rasu, Baffa kan kai mata gero a kan keke. In ta fara godiya sai ya hana ta, ya ce ba sadaka ba ce, rara ce ta yi masa yawa, manyan ƙasashe ma haka suke neman inda za su sauke tasu, ita ce ke taimakonsa. Ni kuwa ni ke shiga rumbunsa ɗebo hatsi a shekarun, na san babu wata rara a cikinsa.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da abin da ya fi wanda ya bayar. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.