Gudumar da na tsinta a ɗakin Baba

Jama'a, yau na sa tsoho kuka a kasuwa!

Ina gyaran ɗakin marigayi Baba, tunda duk kun watse kun bar ni da gida, sai ga wata 'yar gudumar tagulla, duk zane. Na rasa ta mene ce, na kai wa wani tsohon maƙeri.

Yana gani ya cafke hannuna! "Ɗana, ta wa ce?"

Na faɗi sunan Baba.

Ya ce, "Ta fasa dunƙulen sukarin shayi ce. Ni na ƙera mishi. Kullum la'asar mu bakwai ne a zaurenku. Yanzu saura ni."

Sai hawaye!

Ya ce, "Wa ke shan shayi a zauren yanzu?"

Na ce ni kaɗai.

Ya ce, "To gobe ka wanke kofi biyu."