Kek ɗin Tarbar Inna

Shekarar da aka cire wa Inna yanar ido a Maradi, na yi niyyar tarbarta a Gazawa da kek mai ɗanɗanon shayi, don ba ta wasa da shayi. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta rubuta mini yadda ake yi, na karanta da kaina. Na zuba rairayi a tukunya, na ɗora kwanon kwaɓin, na sa garwashi bisa murfi. Ban lura da lokacin da ta rubuta ba, sai na ba shi lokaci irin na shayi, har dahuwa uku. Ya fito baƙi ƙirin.

Inna ta jujjuya shi, ta ɗanɗani tsakiyar, ta ce, "Ɗan nan, da tun ban gani ka kawo shi, da na yaba."

An yi asarar ƙwan zabi shida, fulawa rabin tiya, da kwano ɗaya.