Ranar da Shinkafar Diggi Ta Koma Sifili

Ƙanena Muzzammil a Gwandu aka haife shi, amma kawunmu Tambari ne ya rene shi a Kalgo bayan rasuwar Baba. Kawu ya sayar da bijimin huɗarsa ya kai shi karatun kwamfuta. Da ya dawo sai kai ya kumbura, ko gaisuwa zai yi yana danna waya.

Ƙungiyar manoman Diggi da Kalgo ta ba shi aiki. Mutane sun zuba jari a shinkafa da albasa da shanu, kowa yana son ganin nasa a waya: zane mai layi uku, in kaya sun ƙaru layi ya hau, in sun ragu ya sauka. Muzzammil ya rubuta ɓangaren ajiye bayanai da harshen kwamfuta na Python, abokinsa Zayyanu ya rubuta manhajar waya da wani harshen mai suna Kotlin, wani a Birnin Kebbi ya yi shafin intanet da nasa harshen. Su ukun ba su taɓa zama sun daidaita a kan siffar bayanan da za su riƙa miƙa wa juna ba. Wai su gwanaye.

Kawu ne mai tsaron siton ƙungiyar. Duk Juma'a yakan ƙirga buhuna ya tura adadin. Wata Juma'a wayarsa ta faɗa ruwa a fadama, bai tura ba. Ɓangaren Muzzammil ya aika cewa ba a san adadi ba. Manhajar Zayyanu kuwa lamba kaɗai ta sani, sai ta mayar da shi sifili. Layin shinkafa ya faɗi warwas a wayar mutum ɗari biyu.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da siton. Da hantsi na ji babura da ihu, na fito ko mayafi babu. Sun zagaye Kawu da sanduna.

"Ina ka kai muna shinkahwa, ɓarawo?" in ji wani, yana cusa masa waya a fuska.

"Tana nan ciki, wallahi! Ku bari in ɗauko makulli."

Ba su bari ba. Gora ta sauka a ƙeyarsa, ya durƙusa. Ya ɗaga hannun dama ya kare kai, wani ya sa ƙotar fartanya ya karya shi, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Na faɗa kansa ina kururuwa, aka fizge ni aka jefar, leɓena ya fashe. Suka yi ta taka shi. Mutanen da yake sallah sahu ɗaya da su! Har gobe ban yafe musu ba.

Sai da wani ya ɓalle ƙofar da gatari suka ga buhuna jere har rufi. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, aka bar mu da jini.

Muzzammil ya iso daga Gwandu ya tarar ana ɗora Kawu a mota. Na mare shi a gaban kowa, bai ɗago ba.

Wata huɗu ya yi yana rubuta takarda guda da ta fayyace komai: mene ne jari, mene ne adadi, da buhu ake awo ko da naira, me za a nuna in babu labari. Daga ita harsunan uku suke ɗaukar siffofinsu, ba mai ƙara nasa. Yau in ba a tura adadi ba, layin yakan tsaya a rubuta "ba a ƙirga ba tukuna". Ƙungiyoyi har daga Maruda suna nemansa.

Kawu ya rayu, amma hannun ya shanye. Ranar da Muzzammil ya kai masa gyaran ya gani, ya daɗe yana duban wayar.

"Wanga kuskure da yac ci mini hannu, rubutu nawa ka yi ka gyara shi?"

"Layi guda, Kawu."

"Guda?"

"Guda."

Kawu ya miƙa masa wayar da hagu, ya ce in zo in taya shi ɗaura maɓallin riga.