Tulun da Ba Ya Zufa

Tuluna bakwai gare ni na ƙasar Japan, duk na sa fure, duk ginin hannu. Na farkon wata ƴar Japan ce ta bar mini, wadda muka yi shekara biyu muna awon jarirai tare a asibitin unguwarmu nan Damagaram. Baƙi ne mai dogon wuya, ya ɗan karkace, jikinsa na sheƙi kamar tangaran. Ita ta koya mini a sa reshe ɗaya tak a ciki, a zauna a kalle shi. Tun daga nan abin ya shiga raina. Biyu ta aiko mini daga ƙasarsu, sauran na tsinto su a Yamai wurin baƙin da ke sayar da kayansu za su koma gida. Na sa kafinta ya yi musu kanta a falo, kuma duk wanda ya kai hannu sai ya ji bakina.

To, ni ɗin nan mahaifiyata maginiyar tukwane ce a Mirriya. Da yumɓu ta ciyar da mu, da shi ta kai ni lakwal, wato makarantar boko. Randar da ta gina mini tana can bayan madafa, kuma wallahi ban taɓa tunanin yadda hakan zai yi mata a ido ba.

Wata bazara Inna ta kawo mini ziyara. Ko mayafi ba ta aje ba ta nufi kantar. Ta ɗauki baƙin nan ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ta kara a kunne.

"Inna, a hankali!"

"Ni za ki koya ma riƙon tulu?" Ta sake ƙwanƙwasawa. "Wuta ta ci shi da kyau. Amma maginin, ciwon wuya gare shi?"

Washegari na tafi aiki. Da na dawo da la'asar sai na tarar ta cika bakwai ɗin da ruwa tun safe, ta jera su a inuwa, tana bi ɗaya bayan ɗaya tana kurɓa tana tofarwa.

"Ba sa zufa," in ji ta. "Tulun da jikinsa ba ya jiƙa, ina zai sanyaya ruwa? Wannan sai dai wanka."

"Inna, ba na ruwan sha ba ne. Na fure ne."

"Shi furen ba ya son sanyi?"

Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta taya ni. Sai a tasha, tana shirin shiga motar Mirriya, ta ce ba tare da ta dube ni ba: "Na ga na mutane a falo, nawa a bayan madafa." Maganar nan ta soke ni. Na ji kunya ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Ranar kasuwa na bi ta Mirriya na roƙe ta ta gina mini tulun fure. Ta ce ita ba ta gina abin wasa. Na dawo jiki a sanyaye. Bayan sati uku sai ga direban motar Mirriya da kwando cike da ƙaiƙayi. A ciki akwai ɗan jan tulu mai dogon wuya da farin zane, miƙaƙƙe sak, don Inna ba za ta karkata tulu da gangan ba ko sama da ƙasa za su haɗe.

Na karyo reshen lalle biyu masu fure, ɗaya a baƙin, ɗaya a jan. Kafin azahar na Inna ya jiƙa mini katako, dole na sa masa faranti a ƙarƙashi ina ƙunƙuni. Amma da la'asar furen da ke cikin na Japan ya sunkuyar da kai, ruwansa ya yi ɗumi. Na Inna kuwa kwana uku ya yi a tsaye, falon duk ƙamshin lalle. Na ɗauki hotonsu na aika wa ƙawata ƴar Japan. Ta amso cewa don Allah ita ma a gina mata ɗaya.

Da na faɗa wa Inna ta waya, cewa kawai ta yi, "Ki ce mata ta sa faranti."

Ba a yi sati ba ta zo da kanta, wai ta zo ganin jikoki. Na san abin da ya kawo ta. Ta tsaya gaban kantar ta daɗe tana kallo: baƙi bakwai, huɗu nan uku can, nata a tsakiya. Ta zare reshen, ta karkata tulun ta zuba ruwan a tafin hannunta, ta shafa a fuska.

"Da sanyi," ta ce. Ta mayar da reshen, ta gyara masa tsayuwa, sannan ta aje mayafinta ta zauna.