Birkin Kawu Kafinta

Kawuna kafinta ne, kuma kafin katako ya faɗo masa a goshi babu mai sanyin hali irinsa a layinmu. Sai ya auna, ya sake aunawa, kafin ya ɗora zarto. Ko mai kaya ya zo da masifa, murmushi kawai yake yi ya ci gaba da aikinsa.

Wata rana suna ɗora rufin wani gida, dogon katako ya kuɓuce daga sama ya buge shi. Ya kwanta asibiti, rauni ya warke, aka sallamo shi da ɗan tabo a saman gira. Amma halinsa ya sauya. Duk abin da ya zo bakinsa sai ya fito. Ya ce wa maƙwabcinmu mai tumbi, "Malam, yaushe ne haihuwar?" Ya miƙa hannu cikin kwanon baƙo ya ɗauke nama. Da ya yi kuma sai kunya ta rufe shi.

"Wallahi ina kallon hannun yana tafiya," in ji shi, "na kasa tsayar da shi."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta tsaya kuka ba. Ta tasa shi gaba suka koma wurin likita. Likitar ta ɗora yatsa a nata goshin ta ce, "Baba, a bayan nan akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke aika saƙo can ciki, wurin da motsi ke tasowa, ya ce a dakata. Birkin mutum ke nan. Naka bai tsinke ba, saƙon ne ke makara. Da atisaye zai iya ƙara sauri."

Kawu ya ce, "Ashe gyara ne. To, gyara ai sana'ata ce."

Inna ta ɗauki aikin. Kullum da safe sai ta ajiye cokali a kan tebur ta ce, "Ɗauka." Yana ɗauka, ta mayar. Wani lokaci sai hannunsa ya yi nisa ta ce, "Bari!" Da farko kafin ta rufe baki cokalin yana hannunsa.

"Kai da cokali kamar kun yi alkawari," ta ce, suka fashe da dariya.

A hankali hannun ya fara tsayawa a iska, sannan ya janye.

Bayan ya koma shago, wani mai gidan abinci ya zo karɓar kujerunsa. Ya girgiza ɗaya, ya yi ƙafa da ita, ya ce, "Dama an ce kanka ya taɓu." Ina wurin. Na ga Kawu ya damƙi guduma, hannu ya ɗaga har kafaɗa. Nan ya tsaya. Ya ja numfashi, ya sauke ta a kan benci, ya sunkuya ya duba kujerar.

"Ƙafa ɗaya ta gaza, gaskiyarka. Zauna a waccan, yanzu zan gyara."

Mutumin ya zauna.

Har yau Kawu yana shagonsa, kuma aiki ya fi ƙarfinsa. Magana takan kuɓuce masa jefi-jefi, musamman in ya gaji. Shi ya sa da ya ji gajiya yake rataye zarto, ya ja ƙofa, ya tafi gida da sauran rana.